Yadda ake gano ƙwaron da ke cinye irin ƙuduji, da yadda ake barinsa ya yi aikinsa

A watan Satumba, lokacin da ƙuduji ya rufe gindin dawa da furensa mai ruwan hoda, tsinko reshe ɗaya ka dubi ƙasansa, wurin da fure ya riga ya kaɗe ya bar kwanso. Yawancin kwanson sirara ne masu ɗan tsawo, a manne da kara. Amma jefi-jefi za ka ga wani ya kumbura ya yi ƙullutu, ya fi 'yan uwansa kauri nesa ba kusa ba. Sa farce ka tsaga shi. Maimakon garin iri ya zubo maka a tafin hannu, wata farar tsutsa ce 'yar mitsitsiya za ka tarar a lanƙwashe a ciki. Lafiyayyen kwanso ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwan iri. Wannan kuwa tsutsa ta gama da shi.

Mai tsutsar wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, wanda girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba. Masana suna kiran zuriyarsa Smicronyx, kuma nau'i biyu ne aka fi ambata a Afirka ta Yamma: Smicronyx umbrinus da Smicronyx guineanus. Dangi ne na ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara da dawa a rumbu, sai dai shi wannan ba ruwansa da hatsinka, ƙuduji ne abincinsa. Tun 1959 aka buga rahoton ganinsa a jikin ƙuduji a Najeriya, sannan a shekarun 1990 wani masani a Burkina Faso, Doulaye Traoré, shi da abokan aikinsa suka bi rayuwarsa daga damina zuwa damina. Duk da haka da wuya ka sami manomi ko malamin gona da zai iya nuna maka shi, alhali yana nan cikin gonakinmu.

Kafin mu shiga gona, ga wata magana da ya kamata ta zauna. Wannan ƙwaro ba zai ceci dawarka ta bana ba. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yakan yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana manne da saiwar dawa yana tsotsa kafin ya leƙo, kuma mafi yawan ɓarnar a nan yake yinta. Ƙwaron kuwa sai fure ya fito yake samun wurin aiki. Amfaninsa na baɗi ne da baɗin baɗaɗa: yana rage irin da zai zuba a ƙasa. Ragin ma yana da iyaka, domin gindin ƙuduji ɗaya yana iya zubar da iri dubun-dubata, irin kuma yakan haura shekara 10 a kwance yana jira. Wani lissafi da aka buga a 1993 a kan gonakin Mali ya nuna sai ƙwaron ya riƙa lalata kusan kashi 95 cikin 100 na irin kowace shekara kafin yawan ƙuduji ya ragu da rabi. Ba ya kai wa nan. To me ya sa za ka damu da shi? Saboda ɗan ƙwadago ne da ba a biya, wanda mutane ke kashewa ba tare da sun san yana nan ba.

San shekararsa tukuna

Sau ɗaya yake haihuwa a shekara, kuma ya daidaita rayuwarsa da ta ƙuduji. Manyan suna fitowa daga ƙasa bayan damina ta zauna. Idan ƙuduji ya fara toho da fure, macen takan huda da dogon bakinta ta saka ƙwai a cikin 'yar mahaifar furen, wato wurin da zai zama kwanso. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara ci daga ciki, kwanson kuma maimakon ya ƙulla iri sai ya kumbura ya yi mata ɗaki da abinci. Idan ta ƙoshi ta girma, sai ta huda ƙullutun ta faɗo ƙasa, ta nutse cikin turɓaya ba da zurfi sosai ba, ta yi wa kanta ɗan ɗaki na ƙasa. A nan take kwanciya duk kaka da rani da bazara, ta sake kama, har ruwa ya dawo.

Wannan zagayen shi ne zai gaya maka lokacin da za ka yi kowane aiki. Manyan ƙwarin ana nemansu daga lokacin da ƙuduji ya fara fure, a yawancin ƙasar Hausa wajen Agusta. Ƙullutu kuwa ya fi yawa a Satumba da Oktoba. A gonar gero da masara abin yakan zo da wuri, a gonar dawa ya ɗan yi jinkiri. Kada ka dogara da kalanda kaɗai, furen ƙudujin gonarka shi ne agogo.

Kayan aiki

Ba wani abin kashe kuɗi ba ne. Farin faranti ko farin ƙyalle, ko laima mai haske da za ka kifa baibai. Sabuwar reza. 'Yar kwalba mai murfi. Buhu biyu da ba su da huji, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Littafi da fensir. Idan kana da gilashin ƙara girman abu, madalla. In babu, kyamarar waya ta wadatar idan ka matso da hoton.

Neman babban ƙwaron

Fita da sassafe, raɓa ta fara bushewa amma rana ba ta yi zafi ba. A lokacin ƙwari ba su da kuzari, ba sa saurin tashi. Zaɓi ƙudujin da furensa ya buɗe, ka durƙusa a hankali, kada inuwarka ta faɗa kansa, kada kuma ka taɓa shi tukuna. Fara tura farantin a ƙarƙashin reshen, sannan ka lanƙwaso kan reshen bisa farantin ka ɗan bubbuga shi da yatsa sau uku ko huɗu.

Dalilin fara sa faranti shi ne ɗabi'ar dangin nan gaba ɗaya: da sun ji motsi sai su naɗe ƙafafu su saki jiki su faɗo, su yi lamo kamar matattu. Idan ya faɗa turɓaya ka rasa shi ke nan, domin launinsa da na ƙasa ba su da maraba. A faranti ma da farko ba za ka bambanta shi da tsakuwa ko busasshen fure ba. Riƙe farantin kada ka motsa, ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Cikin tarkacen sai ka ga wani ɗigo ya miƙe ƙafafu ya fara tafiya.

Matso da kyamara ka duba abu uku. Na farko baki: siriri ne dogo, ya ɗan lanƙwasa ƙasa. Na biyu gashin bakin nan guda biyu da ƙwari ke shinshina da su: nasa daga jikin dogon bakin suke fitowa, kuma suna da gwiwa, sun karye a tsakiya. Na uku baya: mai tauri ne, duhu-duhu, da ɗan dabbare-dabbaren ruwan ƙasa ko ruwan toka. Tsawonsa duka milimita 2 ne zuwa 3. Idan za ka ɗauki hoto, ajiye tsinken ashana a gefensa domin mai kallo ya gane girmansa.

Farantin zai tara wasu baƙi. Sirara masu gudu da ke fitowa daga cikin fure ba su ba ne, darɓa mai laushin jiki ma ba ita ba ce. Ƙwaron da ke huda wake a buhu kuwa gajere ne dunƙulalle, ba shi da dogon baki. In ba ka ga komai ba ranar farko, kada ka yanke hukunci. Ganin babban sa'a ce. Ƙullutu shi ne shaidar da ba ta gudu.

Neman ƙullutu da ƙirga shi

Furen ƙuduji daga ƙasa yake buɗewa yana hawa sama, saboda haka a reshe ɗaya za ka ga toho a can ƙoli, buɗaɗɗen fure a tsakiya, kwanso a ƙasa. Daga ƙasan za ka fara dubawa. Bi reshen da yatsa biyu. Hannu yakan riga ido gane ƙullutu, domin lafiyayyen kwanso siriri ne, mai tsutsa kuwa ya yi tumbi, ya cika ɗan kofin ganyen da ke riƙe da shi har ya buɗa shi. Wani lokaci za ka ga kumburin a jikin karan ma, shi ma aikin dangin ne.

Tsaga guda biyar ko shida da reza, a tsaye, a hankali kada ka raba tsutsar biyu. Abin da za ka gani ɗaya ne cikin huɗu. Ko dai farar tsutsa maras ƙafa, mai ɗan kai ruwan ƙasa, a lanƙwashe: wannan ita ce. Rashin ƙafar shi ne babbar alama, domin tsutsar malam-buɗe-littafi da ta asu suna da ƙafafu. Ko kuma ka tarar da ɗaki wayam da ɗan huji a gefe, wato ta gama ta sauka ƙasa. Ko ka ga ƙullutun ɗanye ne shar, cikinsa tsoka, tsutsar sai an ƙura ido: wannan bai nuna ba. Na huɗu, ka tarar da tsutsar ta yi baƙi ta mutu, ko wata halitta daban a kwance a wurinta. Akwai wasu 'yan ƙananan zanzaro da ke saka ƙwansu a jikinta, kuma suna daga cikin abin da ke hana ƙwaron yawa.

Yanzu ƙirga. Kada ka tsaya inda ƙullutu ya fi yawa ka ce haka gonar take, wannan yaudarar kai ce. Ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk taku 10 ko 15 ka tsaya, ka ɗauki gindin ƙudujin da ya fi kusa da ƙafarka ta dama, ko yana da ƙullutu ko ba shi da shi. A kowane gindi zaɓi reshe ɗaya, ka ƙirga kwanso duka, ka ƙirga masu kumburi, ka rubuta. Gindi 20 ya isa ƙaramar gona. Idan ka gama, haɗa lissafi: a ce kwanso 200 ka ƙirga, 30 suka kumbura, to 15 cikin 100 ke nan. Rubuta ranar, da abin da aka shuka, da ko an yi feshi. Ka maimaita bayan mako biyu, domin adadin yakan sauya yayin da damina ke ja baya.

Wani zai ce wannan aikin 'yan boko ne. Ni dai a ganina shafi ɗaya na irin wannan rubutu ya fi doguwar muhawara a dandali amfani. Idan gonarka ta gabas tana da ƙullutu ta yamma babu, ka sami abin tambaya: me ake yi a can da ba a yi a nan?

Cire ƙuduji: inda maganar take da sarƙaƙiya

Ga matsalar. Shawarar da aka daɗe ana ba manoma ita ce a cire ƙuduji da hannu kafin ya zubar da iri. Amma ƙwaron cikin furen yake haihuwa. In ka cire duka ka ƙona, ka ƙona 'ya'yansa. In ka bari domin shi, sauran lafiyayyun kwanson za su zuba maka iri da ya ninka abin da ya cinye.

Hukuncin a nan ba shi da wuya: kada ka taɓa barin ƙuduji ya yi iri saboda ƙwaro. Hannunka ya fi bakinsa aiki, domin kai gindin gaba ɗaya kake ɗaukewa. Ƙwaron kuma ba zai rasa wurin zama ba, tun da akwai gonar maƙwabci, akwai saura, akwai ƙudujin da ke bin ciyawar daji a bakin hanya. Abin da za ka yi shi ne ka raba aikin gida biyu gwargwadon inda ƙudujin ya kai.

Zagayen farko shi ne lokacin da furen farko ya buɗe, kwanso bai ƙulla ba. A nan ba wani zaɓe, cire duka. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa, domin idan ka yi gaggawa tun yana ɗan tsiro yakan tsinke ya sake tohowa, ga shi da wuyar kamawa. Kama shi daga gindi ka ja a hankali, ya fi sauƙi bayan an yi ruwa. Kada ka yar da shi a kwarin kunya. Ƙudujin da aka cire da furensa yana iya ƙarasa nunar da iri yana kwance a ƙasa, saboda haka cikin buhu zai shiga, a fitar da shi daga gona. Koma bayan mako biyu, domin ba rana ɗaya yake fitowa ba.

Zagaye na biyu shi ne na waɗanda suka kuɓuce maka, kuma kullum akwai su, musamman lokacin da aikin girbin gero ya sha kan kowa. Waɗannan sun riga sun yi kwanso, a cikinsu ne ƙullutu yake. Shiga da buhu biyu. Yi aikin da safe, lokacin da kwanson ke da laima bai fara tsagewa ba. Kafin ka cire gindi, dube shi. Idan kwansonsa na ƙasa sun yi baƙi sun bushe, kada ka girgiza shi ko kaɗan: kifa bakin babban buhu a kansa tukuna, sannan ka cire, domin irin gari ne, iska kaɗan ta ishe shi. Idan kwanson kore ne, tsinke masu ƙullutun da suka cika ka jefa a ƙaramin buhu, ragowar gindin ya tafi babban buhu.

Ba sai ka tsinke kowane ƙullutu ba. Wanda ke da huji ba kowa a ciki, tsutsar tana ƙasan gonarka, bar shi ya tafi wuta. Ɗanye ƙarami kuma ko ka ɗauka tsutsar ba za ta kai ba, domin da ya bushe abincinta ya ƙare. Manyan da suka cika, waɗanda in ka tsaga ɗaya za ka ga tsutsa ta cika ɗakinta, su ake so. Wannan aiki yara sun fi manya iya shi, idonsu ya fi kaifi, kuma da ka nuna musu sau ɗaya sun gane.

Babban buhu kuwa a kai shi wuri mai tauri nesa da gona, a juye a rami, a ɗora busasshen kara a cinna wuta har ya zama toka. Kada a zuba shi a bola ko ramin taki, kada a ba dabbobi. Takin da za ka kai gona baɗi shi zai mayar maka da irin.

Tukunyar rani

Abin da ke cikin ƙaramin buhu ƙasa yake nema. Sami tsohuwar tukunyar ƙasa, ko bokitin roba da ka huda gindinsa. Tankaɗe turɓayar gonar da rariya domin fitar da tsakuwa da kiyashi, ka zuba kamar zurfin taƙi ɗaya. Yayyafa ruwa kaɗan, ta yi sanyi kawai, ba ta yi caɓi ba. Baza ƙullutun a kai, kada su hau kan juna, in ba haka ba za su yi fumfuna. Rufe bakin da ƙyalle mai ƙananan ido, irin na tatar koko, ka ɗaure da igiya ko robar taya. Gidan sauro idonsa ya yi faɗi, ɗan ƙwaron zai iya ratsawa.

Ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke shiga, ƙarƙashin rumbu ko rumfa, ba cikin ɗakin girki ba. Zagaye gindinta da toka saboda kiyashi da tururuwa, su ne manyan ɓarayin tsutsa. Kaji ma a yi musu shamaki.

Cikin kwanaki za ka fara ganin huji a jikin ƙullutun. Bayan mako biyu zuwa uku, kwashe busassun duka ka ƙona. Kada ka tsallake wannan, domin ba kowane ƙullutu ne tsutsa ke cinyewa tas ba, wani yakan rage ɗan iri a gefe. Daga nan sai ka mayar da ƙyallen ka ƙyale tukunyar. Ba a ba ta ruwa da rani, ba a tona ta don a ga ko suna nan. A gona ma haka suke wuce rani cikin busasshiyar ƙasa.

Idan damina ta zauna, fitar da tukunyar bakin gonar da ka ɗebo su, ka sa ta inda ruwan sama zai taɓa ta amma ba zai taru a ciki ba. Riƙa leƙa ƙarƙashin ƙyallen da safe. Ranar da ka ga ɗigo-ɗigo masu dogon baki suna yawo a jikinsa, kwance shi ka bar tukunyar a buɗe. Turɓayar cikinta kuma a gonar da ta fito za ta koma. Kada a juye ta a gona mai tsabta, tun da ƙasar gonar ƙuduji ba ta rasa irinsa.

Wanda ba ya son hidimar tukunya yana iya keɓe ɗan wuri a kusurwar gona, taku ɗaya kowane gefe, ya kafa turaku huɗu, ya baza ƙullutun a nan, ya kwashe busassun daga baya, ya kuma hana garma da dabbobi shiga har damina. Ya fi sauƙi, sai dai kiyashi za su ci rabonsu.

Maganar feshi

A nan ne aka fi yi wa ƙwaron kisan da ba a sani ba. Yawancinmu muna haɗa wake da dawa ko gero a gona ɗaya, kuma lokacin da wake ke fure yana neman feshi shi ne lokacin da ƙuduji ke fure. Magungunan da aka saba fesa wa wake, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin da dimethoate, ba sa tambayar ƙwaro sunansa. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, feshi a gonar hatsi ma ya ƙaru.

Ba cewa ake a bar wake ya lalace ba. Abin da ake so shi ne maganin ya sauka inda aka nufa. Sauke bakin injin kusa da ganyen waken, kada ka riƙa kaɗa shi sama. Yi feshin da yamma lis ko da sassafe lokacin da iska ta kwanta. Na masara kuma a cikin zuciyar masarar ake sa shi, ba a yi wa gona wanka ba. Idan za ka iya shuka wake a nasa layukan, kunya biyu na hatsi, huɗu na wake, kamar yadda masu bincike a Kano suka daɗe suna koyarwa, feshin ya fi sauƙin tsarewa, waken ma ya fi samun rana. Idan ka gama, kada ka juye ragowar maganin a bakin gona inda ciyawa da ƙudujin daji suke, nan ne mafakar ƙwaron.

Wasu suna fesa maganin kashe ciyawa mai suna 2,4-D a kan ƙudujin da ya fito. Yana kashe shi, amma yana ƙona wake da gyaɗa da auduga, saboda haka ba na gonar haɗi ba ne.

Sauran abokan aiki

Kana cikin wannan dube-dube za ka ci karo da wata baƙar tsutsa mai ƙaya-ƙaya tana cin ganye da furen ƙuduji. Ta wani malam-buɗe-littafi ce mai shuɗin fiffike da zanen ido, Junonia orithya. Ƙyale ta. Haka nan idan ka ga gindin ƙuduji ya yanƙwane ya yi baƙi alhali na kusa da shi lafiya lau, mai yiwuwa wata cutar fumfuna ce ta dangin Fusarium, wadda masana a Samaru ta Zariya da Gana da Mali suka ware suka yi ta gwadawa a matsayin maganin ƙuduji. Kada dai ka ɗauka duk mai dogon baki aboki ne. Na rumbu da na dankalin Hausa maƙiya ne, a Amurka ma wani ɗan zuriyar Smicronyx ɗin ne ke ɓata wa manoma irin furen bin-rana. Wurin da ka same shi da abin da yake ci su ne shaida.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba sai an haɗa da abin da ke rage irin da ya riga ya kwanta a ƙasa. Irin ƙuduji ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Waken suya da gyaɗa da auduga suna fitar da irin wannan sinadari, irin ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu. Shi ya sa gonar da ƙuduji ya ci ƙarfinta ake hutar da ita daga hatsi a sa mata waken suya, irin su TGx 1448-2E, shekara ɗaya ko biyu. Wake ma yana yin wannan aiki a kan ƙudujin dawa, amma shi yana da nasa ƙudujin daban, gajere mai ƙaramin fure, don haka a nemi iri mai jure masa kamar SAMPEA 10. Ga masara akwai SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16. Taki kuma, na gida da na zamani, yana rage masa ƙarfi, domin ƙuduji ya fi son gajiyayyar ƙasa. Lokacin girbi kada a zube zangarniyar da za a yi iri da ita a ƙasan gonar da ke da ƙuduji, ta nan yake bin iri zuwa sabuwar gona. Bayan an kwashe amfani kuma a sake zagayawa, domin ƙudujin da ya rage a gindin kara yakan ci gaba da nunar da iri bayan kowa ya koma gida.

Idan kana son sanin ainihin nau'in

Da ido ko da hoton waya ba za a iya raba Smicronyx umbrinus da Smicronyx guineanus ba, sai ƙwararre ya duba da madubin ɗakin bincike. Idan kana son a tantance na yankinka, kama manya biyar zuwa goma daga faranti ka sa a 'yar kwalba, ka zuba musu sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis har ya rufe su. Sa ƙullutu biyu ko uku a wata kwalbar daban. Yanki 'yar takarda ka rubuta sunan gari, da ranar, da shukar da ƙudujin ke bi, ka tura ta cikin kwalbar. Da fensir za ka rubuta, domin sifirit yana wanke tawadar biro. Danne reshen ƙudujin guda ɗaya a tsakanin takardu har ya bushe, ka rufe shi a ambulan saboda kada iri ya zube a hanya. Miƙa su ta hannun malamin gona na yankinku, ko ka kai sashen kare amfanin gona na jami'ar da ke kusa. A Najeriya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da ofishin IITA na Kano, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, a Nijar kuma akwai INRAN, hukumar binciken aikin gona ta ƙasar, wadda ke da cibiya a Maraɗi. Tafi da littafin ƙirgarka, za su tambaye ka kashi nawa ka samu da watan da ka samu.